Turaren da Na Fesa wa Faifan Kaka

Shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe laburaren da Baba yake aiki a unguwar Gorton, kullum da la'asar yana gaban garmaho, yana sauraren faifai ɗaya tal: muryar marigayi kakansa yana rera waƙar noma. Faifan warin danshi yake yi. Ina 'yar shekara takwas na ɗauko turaren Mama na fesa masa, yadda muke yi wa kayan Sallah. Nan take fuskar faifan ta narke, baƙin danƙo ya manne mini a yatsu.

Baba ya shigo, ya ɗora allura. Babu murya, sai shuuu.

"Wa ya taɓa mini Kaka?" ya tambaya a hankali.

Bai dake ni ba. Wallahi har yau na gwammace dukan.