Shelar Injin Kiran Ruwa

Tun faɗuwar Alkalawa ba a yi wa ɗan Gobir zalunci irin wanda aka yi wa Malam Ɗanmusa a garin Isa ba. Mutum ya kawo tunani na zinariya, aka soke shi da jan biro.

Kwamitin ƙungiyar marubuta ne ya zauna tsara taron masu labaran aljanu da duniyoyin sama, ana neman batutuwan tattaunawa. Wani ya ce a duba ko aljani zai iya tuƙa jirgin zuwa wata. Wani ya ce a yi muhawara ko butum-butumi na iya gadon sarauta. Duk aka rubuta. Ɗanmusa ya miƙe, ya gyara hula, ya karanta nasa: injin da zai kira ruwan sama a Gobir, da ranar kunna shi.

Ruƙayyatu, sakatariyar ƙungiya, ta ce damina biyu ke nan gero bai kai gwiwa ba, wannan ba shekarar wasa da ruwa ba ce. Kawunta Illo na Tozai kwano uku na iri suka rage masa, a tulu ya liƙe su don kada yunwa ta sa a daka. Ta kuma tuna wa Ɗanmusa cewa bara mutum huɗu suka saurari jawabinsa, biyu suna gyangyaɗi. Aka yi dariya, aka soke. Ta bar jakarta a benci ta fita salla.

Ɗanmusa bai yi gardama ba, mutum ne mai haƙuri. Ya ce za shi kasuwa sayen goro.

Da la'asar sai ga sanƙira, mai shelar gari, yana ratsa kasuwa da takarda mai hatimin ƙungiya: jama'a su hallara ranar Asabar, masana za su bayyana injin kiran ruwa. Shela ce tsararriya, ko maƙiyi ya yaba Hausarta.

A ƙasar nan abin da ya fito bakin sanƙira ba a tambayar ko tatsuniya ce. Illo ya ji, ya tuna ɗiyar ƙanwarsa ce ke riƙe da takardun taron. Ya fasa tulu ya yi bizne, ya binne irin a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya same shi a shirye. Maƙwabta suka bi shi.

Ranar Laraba aka yi ɗan yayyafi. Mutanen Tozai suka ce gwajin inji ne. Iri ya tsira.

Ranar Asabar zaure ya cika har tagogi. Manoma suka saurari zancen aljani da wata, can Illo ya miƙe.

"Ruƙayya, ina injin?"

Ta ce babu inji, labari ne, kuma ita da kanta ta hana shi. Ya nuna mata hatimin da ke takardar sanƙira. Ta yi rantsuwa, ba wanda ya karɓa.

"Ni ba ni da ɗiya a garin ga," in ji Illo, ya fita.

Taro ya watse. Kwana goma rana ta ƙone tsiron. Illo ya rufe gida ya tafi cirani, ƙungiya ta sallami Ruƙayyatu.

Kowa su yake tausaya wa, ba mai tuna Ɗanmusa. Zaure ya cika karo na farko a tarihin ƙungiya, amma ko lasifika ba a miƙo mini ba, alhali ni Ɗanmusa na rubuta shelar, na buga hatimin da Ruƙayyatu ta bari a jaka, na kai wa sanƙira da hannuna.