Warin Fata

Ina tayar da kabbara muryar ta sake faɗo min: "Koma baya, kana warin fata!"

Muryar foman ɗinmu ce, wanda ya kore ni daga sahun gaba a masallacin kamfanin jima na Challawa, tun gemuna yana baƙi. 'Ya'yana sun ce tsufa yana sanyaya zuciya. Ƙarya suke. Har yau muryar ba ta bar min raka'a ɗaya ba.

Jumma'ar nan na gan shi a Kumbotso, ya rankwafa, yana zarnin fitsari, mutane suna jan jiki. Na buɗe baki zan rama.

Ya kamo hannuna yana murmushi: "Matso, bawan Allah, akwai wuri."

Azzalumin ya manta ya huta, ya bar ni da ita.