Ranar Da Na Hana Jirgi Sauka

Ranar da na kama bakina, jirgin sama ya kasa sauka.

Tun da masu filin jirgi suka sare mini mangwaro don su ƙara tsawon titin jirginsu nake zaryar neman haƙƙina. Tsuntsayen da ke kwana a bishiyar ma ba su yafe ba, suka tare a kan titin. Kullum manaja sai ya ce, "Iya, ki dawo gobe da hantsi." Har kujera ya sa aka ajiye mini a bakin shinge, da ruwan sanyi. Ni kuwa in miƙe in wanke su tas, daga shi har kakansa, muryata har tashar mota. Ina gamawa jirgi ya sauka, a ce mini manaja ya shiga taro.

Mai shara ce ta tsegunta mini. "Iya, na'urar korar tsuntsaye ta mutu tun bara. Ihunki ne ke tashinsu."

Ashe bauta nake yi wa 'yan banza!

Washegari da hantsi na zauna, na harɗe hannuwa, na yi gum. Tsuntsaye suka baje a titi kamar masu cin kasuwa. Jirgi ya yi ta kewaya sama kamar shirwa. Sai ga manaja a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ya zube a gabana.

"Iya, don girman Allah, ki zage ni."

Na kurɓi ruwansu, na yi ƙasa da murya, na ce, "Ɗana, ka dawo gobe da hantsi."