Burtalin Gefen Gonarmu

Ranar da aka yi ruwan shuka, da la'asar, Baba yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye da ƙwaryar iri, ina zuba gero ina rufewa da diddige. A gefen gonarmu ta Tsamaye akwai burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa mashaya. Maƙwabta duk sun cinye nasu gefen da shuka. Mu kuwa hatsin bara tuni ya ƙare.

Da Baba ya tafi shan ruwa, na ɗauki sungumin na ƙara layi biyu cikin burtalin, a miƙe tsaf. Na zaci zai yaba.

Ya dawo, ya daɗe yana kallo.

"Tone su," ya ce.

"Baba, kowa ya shuka nashi."

"Na gani. Saniya ba ta da fiffike. In mun toshe mata hanya, ta ina za ta bi?"

Na durƙusa ina tsince gero daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina ɓoye hawaye. Shi ma ya durƙusa ya taya ni.

Yanzu gonar ta koma daji, tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Na gaji da tambayar kaina ko abin da Baba ya yi ya hana wani abu. Amma bana, da na shuka kuɓewa bayan gidan hayarmu a Sakkwato, ɗiyata ta tambaye ni don me na bar fili jikin katanga. Na ce mata ta nan awakin maƙwabta ke bi.