Manomin da Ya Kori Mai Huɗa Ya Bar Kututture

Sallau, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba, kuma ka bar jawo kujerar nan, ba zan zauna ba. Tun jiya da na ji kwamitinku ya sallami Ɗantani daga horar da ƙungiyar ƙwallon garin nan na kasa tsayawa wuri ɗaya. Kai ne shugaban kwamitin, ni kuwa ni na koya maka riƙon fensir tun kana zuwa makaranta da majina a hanci. Saboda haka za ka saurari misalin nan har ƙarshe, kuma kada ka katse ni.

Wani manomi ne ya sari sabuwar gona a bakin daji. Don gaggawa bai tone kututturan ba. Ya sare itatuwan daidai da ƙasa, ya cinna musu wuta, ya tura ƙasa ya rufe. Daga nesa gona fes, kamar tafin hannu. Da ruwan shuka ya sauka sai ya ɗauki mai huɗa, ya damƙa masa garma da bijimai biyu. Ba a yi nisa ba bakin garma ya ci karo da saiwa, bijimin dama ya yi tuntuɓe, ya miƙe yana ɗingishi. Mai huɗa ya kwance shi, ya ce a bar shi ya huta, a kuma tone abin da ke binne. Manomi ya dubi sama ya ga hadari, ya dubi gonar maƙwabci ya ga an yi nisa, ya ce damina ba ta jiran gurgu. Aka shafa wa ƙafar man kaɗanya, aka naɗe ta da tsumma, aka mayar da bijimi ƙarƙashin karkiya. Mai ɗingishi yana ja baya, lafiyayyen yana ja gaba, kunyoyi suka fito a karkace kamar sawun maciji. Ba a jima ba na hagun ma wuyansa ya saluɓe, don shi kaɗai yake jan nauyin biyu. Sai aka aro wani maraƙi da bai taɓa jin karkiya a wuya ba, aka haɗa shi da mai ɗingishin a madadin na hagun.

Masu wucewa zuwa kasuwa ba sa ganin saiwar da ke ƙasa, karkatattun kunyoyi kawai suke gani. Suna tafe suna dariya, suna cewa, “Wannan huɗa ce ko rawa?” Maganar ta riga manomi isa dandali, abin ya yi masa zafi. Ya kira mai huɗa gaban jama'a, ya ce bai iya riƙon garma ba, ya karɓe bulala ya kore shi. Ya aika ƙauyen gaba aka ɗauko masa wani da ake yabo. Sabon ya zo da kuri da sabuwar bulala, ya tsula wa shanun, suka zabura, garma ta sake cin saiwa. Wannan karon bakinta ya karye, bijimin dama ya durƙusa, bai ƙara tashi ba har aka kira mahauci. Manomi ya kori wannan ma, ya shiga cigiyar wani, amma labari ya riga ya bazu, babu mai huɗar da ya yarda ya taka gonar. Ruwa ya yi ta zuba a kan ƙasar da ba a shuka ba, ciyawa ta rufe ta. Kututturan kuwa suna nan, har sun fara tofo.

To, Sallau, filin ƙwallonmu fa? Ku ne kuke ba masu biki shi, su kafa rumfuna, su watse su bar ramukan turaku, wani turken ma a karye cikin ƙasa, ku sa a watsa yashi a kai ku ce an gyara. A nan mai tsaron gidanmu ya gurɗe idon sawu. A nan ɗan gaban da ke ci mana ƙwallaye ya ji ciwo a gwiwa. Ɗantani ya ce a bar shi ya warke, ku kuka je kuka ɗauko shi daga gidan maɗori da ɗauri a ƙafa, don kada abokan hamayyarmu na ƙetaren gulbi su yi mana dariya. Yau da sanda yake zuwa masallaci. Aka cike gurabe da waɗanda ba su goge ba, aka yi ta ɗura mana ƙwallo, 'yan kallo suka ɗauki ihun “Ba ma yi! Koci ya tafi!” Ku kuma kuka miƙa musu shi, kuka sanar da korarsa a tsakiyar fili, da lasifika, iyalinsa suna ji daga gida.

Ba roƙo nake yi ba. A mayar da shi bakin aikinsa. A ba shi haƙuri da lasifikar da aka ci mutuncinsa da ita, ba a soro a ɓoye ba. A tone turakun nan, a cike ramukan kafin wani ɗan mutane ya sake taka filin, kwamiti kuma ya ɗauki jinyar waɗanda suka ji rauni. In kun ƙi, ku ɗauko koci daga duk inda kuka ga dama. Ƙafafun da za ku ba shi su ne dai waɗannan, filin ma shi ne, kuma shi ma za ku kore shi. Hausawa sun riga ni faɗin sunan abin da kuka yi jiya: an bar jaki ana dukan taiki.