Kafin Rana Ta Faɗi

"Hajiya, ina Injiniya?" direbanmu ya tambaya da muka sauka a filin jirgin sama na Hamad, yana leƙen bayana. Mu huɗu ya raka, mu uku muka dawo.

Hutu muka je can ƙuryar arewacin duniya, don yara su ga ƙanƙara. Bayan azahar maigidana ya rataya kyamara ya nufi bayan tsauni. "Kafin rana ta faɗi ina nan," ya ce. Shekararmu goma sha shida da aure, magariba ba ta taɓa riskarsa a waje ba.

Gajiya ta kwantar da mu. Sau biyu ina farkawa, in ga rana tsaye a taga, in koma barci hankali kwance. Sai da auta ta yi kukan yunwa na duba agogo: awa goma sha ɗaya ta wuce. Na manta can rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Masu ceto suka ce iska ta riga ta shafe sawunsa.

A hanyarmu ta zuwa gida a garin Al Wakrah rana ta yi jawur, ta fara nitsewa cikin rairayi. Auta ta taɓa kafaɗar direba.

"Kawu, yi sauri, kada Abba ya riga mu isa gida."