Takardar Janairu

Tun da fasto ya ce kowa ya nemo takardar burin da ya rubuta a Janairu, ya zo da ita ranar Lahadi a sabunta alkawari a gaban Ubangiji, Maman yara ta rasa sukuni. Ta san abin da ta rubuta a sansanin gudun hijira a Yola: "Kafin Yuli in sayar da gidanmu na Mubi, in koma inda ba a jin harbi." Yanzu ta dawo gidan, ɗaki ɗaya a ƙone, gobe kuma mai saye zai zo.

Ta zazzage Littafi Mai Tsarki, ta ɗaga katifa, har tukwane ta leƙa. Babu.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga. "Maman yara, ba da ita kika ƙunshe irin kuɓewar da na ba ki ba? Kika ce mai tafiya ba ta shuka."

Ta ruga bayan ɗakin da ya ƙone, inda ta jefar da ƙunshin. Ruwan Yuni ya wanke rubutun tas. Tsiro uku sun huda takardar, sun miƙe.

Ta daɗe a durƙushe, leɓɓanta suna motsi. Sannan ta ɗago.

"Hajiya, ara mini fartanyarki."